Sanarwa ga Ƴan Rukuni: Zaman Surfani na Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa mata, barkanmu da warhaka.

Ana sanar da ku cewa ranar Asabar, bayan sallar La'asar, za mu haɗu a gidan da muka saba a Unguwar Rogo domin fara surfanin fure da ganye da hannu. Kowacce ta zo da allura, da ƙaramin almakashi, da farin ƙyallen auduga, da zoben katakon da ake ɗame ƙyalle a ciki. Duk ana samunsu a kasuwar Taminus.

Zaren surfani yana da sili 6, amma sili 2 kawai za mu zaro, domin idan aka ɗinka shi dunƙule furen yakan fito da kauri, ba fasali. Za mu ja karan fure da ɗinkin baya, mu fitar da furen da ɗinkin sarƙa, sannan mu daɗe a kan ganye, wanda a ganina shi ya fi wahala, tunda sai an jera zare kusa da kusa a karkace, daga jijiyar tsakiya zuwa gefe, ba tare da an ja shi har ƙyallen ya tattare ba.

Don Allah a jiƙa jan zare a gida tukuna, a ga ko yana zuba.