Zuwa ga Abba, a kan wayar da aka ce ka buga cikin dare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yaran. Hajiyarku ta ce in kira ka, na ce a'a. A waya katse ni kake yi, takarda kuwa sai ka kai ƙarshenta.

Tun da aka sa sunanka a takardun AOC, wato lasisin gudanar da jirage na kamfaninku na jiragen sama, ka zama wanda NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, za ta fara tuhuma in wani abu ya faru, na kama bakina don kada ka ce tsohuwar magana ce na sake tonowa. To, an kawo mini zance biyu, kuma wanda ya kawo ba matsegunci ba ne. Wai albashin ma'aikatanku ya shiga wata na biyu ba a biya ba. Wai kuma kai da bakinka ka kira injiniya tsakar dare ka ce ya san yadda zai yi, jirgi dai ya tashi da safe. In ƙarya ce, alhamdu lillahi.

Bari in fara da masu sauƙi. Kashi 5 cikin 100 da kuke karɓa a kan kowane tikiti ajiya ce a hannunku, NCAA ce za ta raba shi da NAMA mai kula da sararin samaniya, NiMet mai hasashen yanayi, NSIB mai binciken haɗurra da kwalejin jiragen sama ta Zariya, saboda haka kada ka sayi man jirgi da shi. Fansho, kamfani ya sa kashi 10, a cire wa ma'aikaci 8, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Akwai kashi 1 na NSITF, asusun diyyar ma'aikata, akwai inshorar da ba a barinta ta mutu ko na yini guda. Waɗannan duk in ka yi sakaci tara ce da abin kunya, ana kuma farfaɗowa.

Wayar nan ce ta hana ni barci. Littafin MEL, wato jerin na'urorin da jirgi zai iya tashi ko da sun lalace, bai ce jirgi ya tashi da kowace irin larura ba. Ya lissafa abin da za a iya tashi ba shi, da sharaɗinsa, da wa'adinsa: rukunin B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120, A kuma abin da aka rubuta a gabansa. Ɓarnar ba ta zuwa da ganga. Ranar da wa'adi ya cika, kayan gyara ba su iso ba don babu dala, sai a rubuta an gwada a ƙasa lafiya lau, a rufe. Jibi larurar ta dawo, a buɗe ta a matsayin sabuwa, wa'adi ya koma farko. Ko a kwance wani abu daga jirgin da ke ajiye a ɗaura wa mai tashi, ba takardar da ke nuna sa'a nawa ya yi. Mafi muni, matuƙa su daina rubutu a littafin jirgi, su koma faɗa wa injiniya da baki a gindin tsani. In ka ga tsohon jirgi ya yi wata littafinsa fes, ba lafiya gare shi ba, tsoronka ake ji.

Kuma larurori suna haɗa kai. Na'urar sanyaya iska ɗaya ta mutu, dole jirgi ya bi ta ƙasa-ƙasa, ya ƙara shan mai. Na'urar hana taya zamewa ta mutu, tsayawa sai da titi mai tsawo, dole a rage nauyi. Ɗora wannan a kan zafin Kano na Afrilu da Mayu, lokacin da ake kai maki 40, iska ta yi sako-sako, inji bai ja yadda ya saba. Lissafi ne zai ce a sauke kaya ko fasinja kaza, kai kuma a ofis tikitin da aka sayar kake gani. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS, samfurin BAC 1-11, ya cinye titin filin jirgin Kano da rana tsaka bai ɗaga ba, ya zarce cikin turɓaya injinansa suka sha ƙura, ya ƙare a kan gidajen Gwammaja. Sama da mutum 100 suka tafi, har da waɗanda ke zaune a ɗakunansu ba su sayi tikitin kowa ba. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin mummunan yanayi, iska ta juya masa, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Kai kana makaranta a lokacin, lambobi kawai ka sani.

Kada ka ɗauka zancen albashi daban, zancen waya daban. Wanda ke bin kamfani wata biyu ba ya iya cewa a'a, don ya san in jirgin ya zauna kuɗinsa sun zauna. Matuƙin da ake ƙara wa kuɗi a kan sa'ar tashi zai ɓoye gajiya, shi ya sa doka ta yi masa iyaka, sa'a 100 a wata, 1,000 a shekara, da gwajin na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata 6. Gwajin nan da dala ake biyansa, kuma shi ake fara ɗagewa in aljihu ya bushe.

Kai wane ne da za ka kira injiniya? Lasisi gare ka? Nasa za a ƙwace, sunansa ne a takarda, kai kuma ka ce ai shawara ka bayar. Ba haka aka tarbiyyantar da kai ba. Na san ku duka kuna cewa na cika tsanani, har yau ƙanwarka ba ta huce ba. Ku yi ta faɗa. Ban taɓa hana ku abu don jin daɗina ba.

Na kuma san masu kuɗin sun sa ka gaba, kai ne a tsakiya. Ga abin yi. Kowace safiya a kawo maka jerin larurorin da aka ɗage da ranar cikar kowanne. Manajan inganci da na kiyaye haɗari su riƙa shigowa wurinka kai tsaye, ba ta hannun sashen kasuwanci ba. A ware dala a kan kowace sa'ar tashi don babban gyara da injina. In kuɗi bai kai ba, ajiye jirgi ɗaya, rage hanyoyi, ka biya mutane haƙƙinsu. In kyaftin ya ƙi tashi saboda hazon hunturu, kada kowa ya kira shi ofis. Injiniyan nan kuma ka je har rumfar gyara ka ba shi haƙuri a gaban yaransa.

In Alhaji mai kamfanin ya ce sai dai a ci gaba a haka, ɗakinka yana nan, ba a sa kowa ba. Hajiya ta ba direba dambun nama ya kawo wa yara. Ka kira ni bayan Isha'i, ba zan yi faɗa ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka da duk wanda ya hau jirginku.

Mahaifinka,
Zariya.