Sanarwa kan ajin Turanci na manya a unguwar Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Ajin koyon Turanci na manya zai fara ranar Asabar bayan sallar la'asar, a makarantar allo da ke bayan masallacinmu. Ba a biyan ko sisi, littafin rubutu da biro kawai za a kawo.

Na fi damuwa da iyayenmu mata da ke sana'a a kasuwar Kejetia, da ƴan'uwanmu da suka zo daga Nijar da Burkina. Su ƴan Nijar da Burkina Faransanci suka sani, amma takardun asibiti da na makarantar yara duk da Turanci suke. Mutum ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba, wallahi abin yana ci mini rai.

Za mu kuma yi bayanin neman zama ɗan ƙasar Gana. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake kai wa takardar, kuma dokar shekarar 2000 ta ce sai mutum yana jin ɗaya daga cikin harsunan Gana, ba Turanci kaɗai ba. Mai katin baƙo, wato katin shaida na wanda ba ɗan ƙasa ba, ya zo da shi.

Baba, Hajiya, kada girma ya hana ku zuwa. Mai so ya rubuta sunansa a nan kafin Alhamis.