A Gwada Fina-finan Barkwanci Marasa Magana a Gidajen Kallon Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu ja hankalin masu gidajen kallo zuwa ga tsofaffin fina-finan barkwanci marasa magana, waɗanda aka yi a Amurka kafin fim mai sauti ya fara karɓe kasuwa a 1927. Da yawansu rikicin miji da mata ne: wasiƙa ta faɗa aljihun da ba nata ba, uwargida ta tsinta, maigida ya rasa bakin kare kansa. Da yawa daga gajerun cikinsu minti 20 zuwa 25 ne. Garin da ya cika gidajen sinima na Rex da Plaza da Orion zai karɓe su, muddin an nuna su daidai.

Matsalar farko gudu ce. Da hannu ake juya kyamarar wancan zamani, hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa, shi kuwa fim mai sauti 24 ne. Kwafin da aka tura a 24 sai ka ga mutane suna zabura, hararar da matar ke yi wa mijin ta wuce kafin a gan ta, alhali nan dariyar take. A duba tafiyar 'yan wasan tukuna. In ta yi sauri, a rage gudun zuwa 0.75 a manhajar kunna bidiyo ta VLC. A bar hoton a ma'aunin 4:3, don in aka baza shi ya cika allo, fuskoki faɗi suke yi.

Kada a ɗora musu murya irin ta fassarar fina-finan Indiya. Surutu kashe su yake. Rubutun da ke fitowa tsakanin fage da fage kaɗai za a mayar Hausa, a bar shi har a karanta sau biyu, ko mutum ɗaya ya karanta da lasifika ya yi shiru. Sauran aikin na mai kalangu ne, amma ya kalli fim ɗin tun kafin ranar, ya san inda za a buga ƙofa da inda za a faɗi.

Kafin a kunna, a gaya wa jama'a cewa a can dokar mace ɗaya ce, babu zancen kishiya. In ba haka ba, za su yi mamakin abin da ya firgita maigidan.

A kai kwafi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kafin a buga sanarwa, domin wasu na da sumba. A kuma cire kiɗan da ya zo da kwafin intanet, sau da yawa sabo ne, yana da mai shi.

Daga wasu ma'aikatan majigi, Fagge, Kano.