Gwajin mantuwa sau ɗaya bai isa a yanke wa tsoho hukunci ba

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ban fili in yi magana kan gwajin nan da likitoci ke yi wa dattawa in an kai su asibiti da ƙorafin mantuwa. Wanda aka fi sani shi ne MMSE, tun 1975 ake aiki da shi, maki 30 ne, in mutum ya gaza 24 sai a fara zargin gigin tsufa. Akwai kuma MoCA na Dakta Ziad Nasreddine ɗan Kanada, irin wanda aka yi wa Trump a 2018. Yawanci tambayoyi ne, yau nawa ga wata, ina muke, riƙe kalmomin nan, yi ta cire bakwai daga 100.

To ai ma'auni in na ƙwarai ne, buhu ɗaya aka ɗora sau biyu ya kamata ya nuna abu ɗaya ko? Amma tsoho sai ya ci 22 yau, bayan sati biyu ya ci 25, kuma shi ɗin ne dai bai canza ba. Wataƙila ran farko bai yi barci ba, ko suga ya sauka, ko ciwon fitsari ke damunsa wanda yakan rikita tsofaffi sosai, ko kunne ne bai ji tambayar ba kuma kunya ta hana shi cewa a maimaita, ko an manta tabarau a gida. Sannan wallahi yawancin iyayenmu da watan Musulunci suke lissafi, ka tambayi Hajiya watan Bature ta yi shiru sai ka rage mata maki?

In maki ya ƙaru a karo na biyu ma kar a yi saurin murna, wani haddace tambayoyin ya yi, shi ya sa MoCA ke da kala fiye da ɗaya don a riƙa canzawa.

Binciken gigin tsufa da aka fara a Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka a 1992 bai tsaya kan tsohon kaɗai ba, har wanda ke zaune da shi ana tambaya. Likitocinmu su yi haka, su rubuta lokaci da yaren da aka yi gwajin, su sake bayan an warke daga zazzaɓi. Mu kuma 'ya'ya kar mu karɓe wa Baba makullin shago saboda takarda ɗaya.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya