Zuwa ga Edita: Barka da sabuwar shekara da Holanci tana da ranarta da lafazinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ɗan fili kafin Disamba ya ƙare. Duk shekara warhaka 'yan uwanmu na Garwa, Marwa, Gaundare, Kuseri da Injamena kan shiga neman abin da za su rubuta wa mutanen Holan da na arewacin Beljiyam. Akwai mai sayo tsofaffin motoci ta tashar ruwan Antwaf, akwai mai ɗa yana karatun noma a Wageningen, akwai matar da ke shirin jarrabawar harshe a ofishin jakadanci don ta bi mijinta. Galibi jumla guda ake ɗaukowa a intanet a tura. Jumlar ba ta da laifi, sai dai sau da yawa ana tura ta kafin ranarta, in kuma aka buɗe baki aka faɗe ta, Faransanci ne ke fitowa. Mu da ba mu ce wa mutum "ina wuni" da asuba, wannan abu ne da ya kamata ya dame mu.

Tun farko a raba Holanci da Jamusanci. Da yake ana koyar da Jamusanci a makarantun sakandaren Kamaru, yaranmu kan tura "Frohes neues Jahr" ko "Guten Rutsch" ga mutumin Amstadam. Zai gane, amma zai san ba harshensa aka yi masa ba. Holanci shi ne na Holan, da yankin Filanda na Beljiyam, da Suriname a Kudancin Amurka.

Gaisuwar kashi biyu ce, kuma ƙarfe 12 na daren 31 ga Disamba ne ke raba su. Kafin wannan lokaci, tun daga bayan Kirsimeti, abin da ake cewa in za a rabu shi ne "Fijne jaarwisseling" ko "Prettige jaarwisseling". "Jaar" shekara ce, "wisseling" sauyi ne, wato a yi sauyin shekara lafiya. Ana kuma cewa "Een goed uiteinde", a ƙare shekara da kyau. Idan a tsakiyar Disamba ne kuma kana son haɗa bukukuwan duka a baki ɗaya, "Fijne feestdagen" ta wadatar, wato a yi ranakun biki lafiya, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda ba ka san addininsa ba. Sai agogo ya buga 12 sannan ake cewa "Gelukkig nieuwjaar". Kalmar "geluk" ta haɗa sa'a da farin ciki. A katin gaisuwa ko wasiƙar kasuwanci ba laifi a rubuta ta tun a Disamba, don fata ne na abin da ke zuwa. Baki da baki kuwa, faɗinta ran 29 kamar yi wa mai azumi barka da shan ruwa ne da la'asar.

Daga 1 ga Janairu abin da za ka fi ji a ofis da kasuwa shi ne "De beste wensen", wato fatan alheri, ana faɗa ana miƙa hannu a karon farko da aka haɗu cikin sabuwar shekara. Sau ɗaya ake yi wa mutum. Amsarta gajera ce: "Insgelijks", kai ma haka, ko "Dank u, u ook", na gode, ku ma. Da yawa a Holan sukan daina bayan 6 ga Janairu, ranar da suke kira "Driekoningen", wasu kan kai tsakiyar wata. Al'ada ce, babu doka a kai. A Filanda da kudancin Holan, inda Katolika suka fi yawa, tsofaffi kan ce "Zalig nieuwjaar", shekara mai albarka.

Wani sauƙi da Allah ya yi mana shi ne a lokacin hunturu agogonsu da namu ɗaya ne. Ƙarfe 12 a Garwa ko Injamena shi ne ƙarfe 12 a Rotadam da Antwaf, sai ƙarshen Maris suke wuce mu da awa guda. Mai son kira a kan daidai ba shi da lissafin yi. Inda ake faɗawa rami shi ne "half". In aka ce maka a zo "half twaalf", ƙarfe 11 da rabi ake nufi, don su rabin hanyar zuwa 12 suke ƙirgawa. Wanda ya fassara shi da 12 da rabi zai iso bayan an gama komai. Ƙidayar da ake yi da babbar murya kafin agogo ya buga sunanta "aftellen": tien, negen, acht, zeven, zes, vijf, vier, drie, twee, één. A lambobin da suka haura ashirin kuma, ƙaramar ke gaba kamar a Larabci: 26 "zesentwintig" ce, shida da ashirin. Mutanen Chadi ba za su sha wuya a nan ba.

Lafazi shi ne inda muka fi so a tsaya, don a nan ne karatun Faransanci ke yi mana ɓarna, karatun allo kuma ke taimakonmu. Harafin "g" na Holanci, haka ma "ch", daga maƙogwaro yake fita, kusan kamar "kha" ta Larabci da ke cikin "khamsa". Duk wanda ya yi tajwidi yana da wannan sauti a bakinsa. Mai Faransanci in ya ga "gelukkig" sai ya fara da "je", kuma da ya yi haka kalmar ta ɓace. Daidai shi ne "khe-LUK-kekh", a danna gaɓa ta tsakiya, wasalinta kuma gajere ne, kusa da na "le" a Faransanci. Harafin "j" galibi "y" ne, shi ya sa "jaar" take "yaar", a ja wasalin kamar na "rana". "Nieuw" kuwa "niw" ce. Duka jumlar ke nan: "khe-LUK-kekh niw-YAAR". A Filanda wannan "g" ta fi laushi, amma ta maƙogwaron ma za a gane ta ko'ina.

"Ou" ma tarko ne. A Faransanci "u" ce, a Holanci "au" ce kamar ta "sau". "Oud", tsoho, "aut" ake cewa, don "d" ta ƙarshen kalma "t" take zama. Daren 31 ga Disamba "oudejaarsavond" ne, "au-de-yaars-AA-font", kwanakin biyu a haɗe kuma "oud en nieuw", tsohuwa da sabuwa. Tambayar da kowa ke yi wa kowa a makon ita ce "Wat doe je met oud en nieuw?", me za ka yi a bikin? "Ij" kamar "ei" take, don haka "fijne" "FEI-ne" ce. Kada a shigar da hanci a "wensen" yadda ake yi wa "en" ta Faransanci: "WEN-se" ce, "n" ta ƙarshe yawanci ba a jin ta. "Ui" ta "uiteinde" ita ce mai wuyar gaske, babu irinta a Hausa, mafi kusa da ita shi ne sautin kalmar Faransanci "œil". Wanda ta gagara ya tsaya a kan "jaarwisseling".

A rubutu kuskure biyu ne ke yawan fitowa. Na farko "e" ta ƙarshen sifa. A Holanci suna kan ɗauki "de" ko "het", kamar yadda na Faransanci ke ɗaukar "le" ko "la", "een" kuma ita ce "un". Ana rubuta "een gelukkig nieuwjaar" ba "e", domin "jaar" tana cikin kalmomin da ke ɗaukar "het", kuma bayan "een" sifarsu tsirara take zuwa. Amma "het nieuwe jaar" da "e", haka ma "een fijne jaarwisseling", don ita "de" take ɗauka. Na biyu shi ne girmamawa. "U" na babba ne da baƙo da abokin ciniki, "je" na aboki da yaro, "jullie" na jama'a. Ga mai gidan da ɗanka ke haya ko dillalin da ba ku saba ba: "Ik wens u een gelukkig en gezond nieuwjaar", ina yi muku fatan shekara mai farin ciki da lafiya. In shi da kansa ya koma "je", sai ka bi shi.

Wanda zai yi bikin a can akwai kalmomin ci da sha da ya wajaba ya riƙe. Abincin daren "oliebollen" ne, guda ɗaya "oliebol", ƙwallon mai. Ɗan'uwan fanke ne da makalar da ake toyawa a bakin titunanmu da safe, sai dai da madara ake kwaɓa shi, a sa zabibi, a barbaɗa garin sukari, "poedersuiker". Matan da ke son gwadawa: fulawa giram 500, madara mai ɗumi kusan rabin lita, busasshen yis giram 7, ƙwai 1, gishiri ƙaramin cokali, zabibi giram 150. Zai ba da wajen guda 20. A jiƙa zabibin a tsane shi sosai, in ba haka ba mai zai yi ta fantsama. Madarar kada ta wuce ɗumin jiki, mai zafi tana kashe yis, kuma kada a zuba gishiri a kansa kai tsaye. Kwaɓin ya fi na burodi ruwa, cokali biyu ake ɗiba da shi. A rufe awa guda ya ninka, a zafin Garwa ma bai kai haka ba, a riƙa dubawa. Mai ya kai digiri 180, a toya minti 5 zuwa 6 ana juyawa. In man bai yi zafi ba ƙwallon zai sha mai ya yi nauyi, in ya wuce kima baya zai ƙone ciki ɗanye. Guda huɗu ko biyar a lokaci ɗaya sun isa, cika kasko na sauke zafin mai. A Beljiyam sunansa "smoutebollen", kuma "smout" asalinsa kitsen dabba ne, har da na alade. Yau man tsiro aka fi amfani da shi, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Tambayar ita ce "Zit er varkensvlees in?", akwai naman alade a ciki? Za ta yi amfani ran 1 ga Janairu, ranar "nieuwjaarsduik", da dubban mutane ke faɗawa teku mai sanyi, mafi shahara a Scheveningen, gaɓar tekun birnin Hague, inda aka fara tun 1965. In sun fito ana raba miyar wake mai kauri, "erwtensoep" ko "snert", wadda bisa al'ada da naman alade ake yin ta. A wurin aiki kuma ana kiran "nieuwjaarsborrel" ko "nieuwjaarsreceptie" cikin Janairu. "Borrel" zaman sha ne. Halarta tana da muhimmanci ga ma'aikaci, kuma "Ik drink geen alcohol" ta isa, ba mai tsananta tambaya, akwai lemo da abin da aka rubuta wa "alcoholvrij". In an ɗaga kofi "Proost" ake cewa. A nan ne kuma ake "drie zoenen", sumba uku a kumatu tsakanin mata, ko mace da namijin da suka saba. Wanda ba ya yi ya riga miƙa hannu, ko ya dafa ƙirji ya ce "De beste wensen" da fara'a tun kafin a matso. In aka ba ka "oudejaarslot" kyauta, ka sani tikitin caca ne na ƙarshen shekara.

Wasan wuta "vuurwerk" ne. A Holan shekaru da dama an yarda mutane su kunna nasu daga ƙarfe 6 na yamma ran 31 zuwa ƙarfe 2 na dare, amma saboda raunukan ido da hannu da gobara an yi ta ƙara matsewa, har majalisar ƙasar ta amince a 2025 da dokar hana mutane kunna manyansa. In ka ga "vuurwerkverbod" a allo, hani ne, a tambayi "gemeente", hukumar gari. A Holan jiragen ƙasa da bas galibi suna tsayawa wajen ƙarfe 8 na daren, saboda haka baƙo ya san inda zai kwana tun da rana. Lambar gaggawa 112 ce.

Muna roƙon Malam Edita, in za a buga jerin gaisuwar harsuna a bana, a sa na Holanci layi biyu da kwanan wata a gefensu: "Fijne jaarwisseling" har zuwa daren 31 ga Disamba, "Gelukkig nieuwjaar" da "De beste wensen" daga 1 ga Janairu, a kuma rubuta lafazin da haruffan Hausa a ƙarƙashin kowanne.

Wassalam.

Wasu malaman harsuna,
Garwa, Kamaru