A Koya wa Matasa Masu Zane a Waya Lissafin Girman Aiki Kafin Su Kai Maɗaba'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wata asara da ake tafkawa kusan kullum a shagunan ɗab'i na garin Kaduna, alhali maganinta bai wuce ɗan lissafin rabawa da ninkawa ba. Sana'ata ita ce buga katunan gayyata da kalandu da fastoci, kuma a 'yan shekarun nan yawancin ayyukan da ake kawo mana matasa ne suke tsara su a wayoyinsu da manhajoji irin su Canva da PixelLab. Ina murna da wannan ƙwarai, domin yara da dama daga Tudun Wada da Rigasa da Kawo sun samu abin dogaro da kai. Abin da ke damuna shi ne babu wanda ya zaunar da su ya gaya musu cewa girman filin da za a yi zane a kansa shi ake fara yankewa, tun kafin a ja layi ko ɗaya.

Kowane hoto na waya ko kwamfuta an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu launi da ake kira fiksel, kuma adadinsu yana tsayawa ne a lokacin da aka buɗe filin aikin. Duk abin da za a riƙe a hannu a karanta, kamar kati ko mujalla, ana so ya samu ɗigo 300 a kowane inci, wato abin da masu inji ke kira DPI. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon milimita 297, saboda haka tana bukatar fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, ita kuwa A3, wadda ake yawan buga kalandar biki a kanta, tana bukatar 3508 da 4961. To, amma matashinmu ya saba buɗe fili mai fiksel 1080 a kowane gefe, tun da ya dace da Instagram. Idan aka raba 1080 da 300 za a samu inci 3.6, wato kimanin santimita 9, kuma iyakar faɗin da wannan zane zai fito garau a takarda ke nan. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya san ko babbar riga zai ɗinka ko 'yar shara, kuma haka ya kamata mai zane ya yi.

A lokacin bukukuwa ne abin ya fi fitowa fili. Yaro zai shigo shago da murnarsa ya miƙo waya, ka ga hoton amarya tar, har zanen lallen da ke bayan hannunta da duwatsun sarƙarta ana iya ƙirgawa. Da zarar an ja hoton nan ya cika A3, kowane inci ya koma samun ɗigon da bai kai 100 ba, sai lallen ya zama dabbare-dabbare, fuska ta yi dishi-dishi, gefen haruffan sunan ango da amarya ya yi kaca-kaca. Daga nan rigima ta tashi: iyayen biki su ce mai inji ne ya ɓata aiki, mai inji ya ce abin da aka ba shi ya buga, shi kuwa yaron, wanda ladan aikinsa bai taka kara ya karya ba, a ce ya biya kuɗin takarda da tawada. Na ga yara masu basira da suka bar sana'ar saboda irin wannan, kuma abin yana yi mini ciwo.

Akwai kuma wata fahimta da ta yaɗu, cewa idan mutum ya shiga manhaja ya goge 72 da ya tarar a gurbin DPI ya rubuta 300, hoton ya gyaru. Lambar ita kaɗai ba ta ƙara komai. Ko dai hoton ya ƙanƙance a takarda, ko kuma manhajar ta ƙirƙiro ɗigon da babu su ta hanyar kintace, abin da ya ɓace kuwa ba ya dawowa. Sababbin manhajojin da ake cewa suna ƙara wa hoto kyau suna taimakawa wani lokaci, amma sukan sauya kamannin mutum, kuma ba na jin akwai wanda zai so a buga fuskar mahaifinsa da idanun da ba nasa ba.

Wasu kuma da suka ji labarin 300 sai suka wuce gona da iri, suna neman sa shi a kan komai. Babban ƙyallen talla na fuleks mai ƙafa 10 da ƙafa 4 inci 120 ne da 48, idan aka ce sai ɗigo 300 zai ci fiksel 36,000 da 14,400, nauyin da zai sa waya ta sandare, har kwamfuta ma ta riƙa ja da ƙyar. Ba a bukatar haka, domin ido ba ya rarrabe ƙananan ɗigo daga nesa. Ɗigo 100 sun wadatar ga abin da za a rataya a zauren taro, manyan allunan da ake hangowa daga mota a titin Ahmadu Bello kuwa ƙasa da haka sosai ya ishe su. Tambayar da ta dace a yi ita ce daga wane nisa za a kalli aikin. Rubutu da tambari kuma gara a yi su a manhaja irin CorelDRAW, wadda ke zana su da layukan lissafi, ta yadda za a iya faɗaɗa su yadda ake so ba tare da sun fashe ba.

Sauran abubuwan ba su da wuya. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kada a matsa rubutu kusa da baki. A sani cewa fuskar waya tana haɗa launi da haske, inji kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, don haka shuɗi da kore masu walƙiya sukan dushe a takarda. Sannan a daina turo aiki ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya rage masa ɗigo. A turo shi a matsayin fayil, ko a mai da shi PDF.

Kirana ga cibiyoyin koyar da kwamfuta da masu shirya horon sana'o'i a jihar nan shi ne su ware darasi guda a kan wannan lissafi, kafin su kai ga koyar da ado da kwalliya. Masu ba da aiki su riƙa faɗa wa mai zane tun farko ko aikin na waya ne kawai ko za a buga shi, da kuma girman da ake so. Mu masu shaguna kuma mu manna jadawalin girman takardu da adadin fiksel ɗinsu a bango inda kowa zai gani, mu buɗe kowane aiki a ainihin girmansa a gaban mai shi, mu kuma buga gwaji guda ya gani ya amince kafin a saki inji a kan kwafi ɗari biyar.

Na gode da ba ni wannan dama.

Daga mai karatunku,
wani mai sana'ar ɗab'i,
Tudun Wada, Kaduna.