Sofiya muka sa mata, Hajiya ta ji Safiya

Assalamu alaikum Malama. Allah Ya ƙara miki basira.

Wata huɗu ke nan da na haifi 'yarmu ta fari. Maigidana a Turkiyya ya yi karatu, kuma tun ina da ciki yake cewa in mace ce Sofiya zai sa mata. Ya sha yin sallar Juma'a a Aya Sofiya na Istanbul, ginin da aka kammala a 537 a matsayin coci, Sultan Muhammad Fatih ya mayar da shi masallaci a 1453. Can ya ji cewa kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta hikima, kuma daga ita aka samo kalmar falsafa, wato son hikima. Ni ma na so sunan.

Ranar suna da liman ya faɗa, sai surukata Hajiya ta ji kamar Safiya ya ce, sunan mahaifiyarta da ta rasu. Ta fashe da kukan murna, ta ƙaro rago na biyu daga aljihunta. Saboda kara ba ta kiran sunan, sai dai Ummi. Kullum da hantsi za ta aiko a kai mata ita, ta ɗora ta a cinya tana shafa mata kai tana cewa, "Uwata ta dawo gida." Mu kuwa kunya ta rufe mana baki.

Makon jiya ƙanen maigidana ya ga takardar haihuwa. Ya ce wannan sunan Kiristoci ne, Safiyya ce ta Larabci, sunan matar Annabi (SAW) da gwaggonsa, mai ma'anar zaɓaɓɓiya. Ya ba mu mako biyu, ko mu faɗa wa Hajiya ko shi ya faɗa.

Na karanta cewa Manzon Allah ya canza sunaye masu mummunar ma'ana, ni kuwa ban ga aibu a hikima ba. Abin da ya hana ni barci shi ne tsohuwar nan da muka bari wata huɗu tana murnar takwarar da ba a yi mata ba.

Malama, akwai laifi a shari'a Musulma ta amsa sunan da asalinsa na Girkawa ne? Zuciyata ta karkata ga mu gyara takarda ta koma Safiya, amma maigidana ya ce sam. In kuma faɗa za a yi, wa ya kamata ya tari Hajiya da maganar, ɗanta ko ni?

Taki,
Mai jego daga Zariya